Faɗin Zauren Gidanmu

Aikina zanen gine-gine ne. Ina zaune a ofis a Dutse, in zana wa mutane gidajen da za su gina, in kuma rubuta musu komai a takarda: kaurin bango, irin bulon da za a sa, rodin da zai shiga ginshiƙi, faɗin kowace ƙofa, har launin fenti. Magina ba sa son mu sosai, mu ma ba wani mutuwar son su muke ba. Su a ganinsu takarda ba ta taɓa ɗaga bulo ba. Mu kuma mun san abin da ba a rubuta ba, ranar da ya lalace kowa zai ce ba shi ba ne. A duk zanen da na yi, babu wanda ya sha mini kai kamar na gidanmu na Gumel, kuma rigimar gaba ɗaya a kan zaure ce.

Tsohon gidan na ƙasa ne. In ka shigo ƙofar waje sai ka yi kwana ta wani siririn lungu kafin ka faɗa tsakar gida, don kada mai wucewa ya hango matan gida. Haka gidajen unguwarmu suke, ba wanda ya taɓa ganin aibin abin sai ranar da Inna ta rasu. Ina shekarar farko a makarantar koyon zane a lokacin. Mu mata muna zaune a tsakar gida, maza suka ɗauki makara, suka isa kwanar, makara ta ƙi juyawa. Suka ja baya, suka sake gwadawa. Daga ƙarshe sai da aka karkata ta gefe guda, tabarmar da aka lulluɓe Inna ta zame, wani ya yi maza ya tare gawar da kafaɗarsa. Na gani da idona. Baba ma yana tsaye a bakin lungun, ya gani.

Shekaru suka wuce, damina ta ci bangon gabas, aka yanke shawarar a rushe a yi na bulo. Baba ya kira ni ɗakinsa, yana zaune kan buzu.

“Ke za ki zana,” in ji shi. “Ɗakuna ki yi yadda kika ga dama. Abu ɗaya nake so. Ranar da za a fitar da ni, kada a karkata ni. In fita a miƙe.”

Na ce, “To Baba, sai a cire kwanar, a yi hanya ɗoɗar.”

“A'a. Gidana ba zai zama tasha ba, kowa ya wuce ya leƙa. Kwana tana nan. Ke dai ki san yadda za ki yi, ai abin da aka tura ki karanta ke nan.”

Na koma Dutse da wannan aikin a kaina. Na roƙi ladanin masallacinmu ya auna mini makara, tsawo da faɗi. Bawan Allah ya auna ya aiko, bai tambaye ni dalili ba. Na ƙara wurin kafaɗun masu ɗauka dama da hagu, na yanki kwali daidai ma'aunin zanen, na dinga tura shi a kan takarda ina juya shi a kwanar, ina matsa bango, har ya wuce bai taɓa layi ba. Faɗin ya tsaya ƙafa shida, ƙofar waje kuma mai ƙyaure biyu. A gefen zanen na rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa, don kada wani ya ce bai jin Turanci: kada a rage faɗin nan, kada a matsa bangon nan sai an tambayi mai zane.

Wanda zai tsaya kan ginin shi ne Yaya, babban wanmu. Ɗan kasuwar hatsi ne, rabin rayuwarsa a Maigatari yake, tsakanin manyan motoci da buhunan gero da ridi. Mutum ne mai fara'a da tsokana, tun ina ƙarama ba ya barina in sha ruwa. Tun da na fara aiki bai sake kiran sunana ba, sai “Injiniya”. A zanen na ba shi shago a gefen zaure mai fuskantar titi, inda zai riƙa ajiye buhuna. Ya duba takardar a juye, na juya masa ita, ya yi dariya.

“Injiniya, wannan zaure ne ko filin ƙwallo? Shagona kamar akurki, zaure kuwa jaki da kaya zai yi kwana a ciki.”

Na ce masa umarnin Baba ne, na kuma faɗa masa dalili. Sai ya ce Allah ya ja da ran Baba, ana maganar zama ana kawo maganar tafiya. Muka rabu a haka.

Da na dawo duba aiki, bulo ya kai gwiwa. Tun daga bakin titi idona ya gaya mini akwai magana. Na ciro tef daga jaka na auna: ƙafa huɗu da rabi. An tura bangon, an ƙara wa shago. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kira magini na nuna masa rubutun, na ce ya karanta mini. Ya ce wallahi ya karanta tun ranar farko, amma mai gida ne ya ce a matsa. Na ce mai gida yana ɗaki kan buzu, wancan mai shago ne.

Yaya ya iso yana kaɗe ƙaiƙayi daga rigarsa. Ban bari ya gama sallama ba.

“Yaya, wa ya ce ka taɓa mini bango?”

“Haba Injiniya, ɗan wannan? Ko na da bai kai haka faɗi ba. Makara za ta wuce, har da sauran wuri.”

“Ka auna?”

“Ido ma ma'auni ne.”

“Idonka buhu ya sani. A rushe.”

Muka yi ta yi, murya ta fara tashi, har maƙwabta suka fara leƙowa. Ni ba na iya rigima a hankali, wannan kowa ya sani. Sai ga Baba ya fito da sandarsa. Bai tambayi ba'asi ba, don ya ji komai daga tsohon ɗakinsa da ba a kai ga rushewa ba. Ya dubi Yaya ya ce, “Je masallaci ka ce a ba ka aron makara.”

Unguwa ta ɗan rikice. Mata suna ganin an nufo gidanmu da makara suka fara salati, wata tsohuwa har ta yafo mayafi tana tambayar wa aka rasa. Yaya yana ta ba da haƙuri, yana cewa kowa lafiya, gwaji ne. Baba ya sa aka ɗora buhun gero biyu a kai, cikin na Yaya. Ya ce Yaya ya kama gaba, magini da leburorinsa su kama sauran.

“Ku ƙaddara bangon ya kai sama,” in ji Baba. “Kada kowa ya tsallake bulo, kada makara ta haura kansa.”

Suka taho daga tsakar gida. A kwanar, gaban makara ya yi kan bangon shago, bayanta ya tokare ɗaya gefen. Suka ja baya suka sake. Magini ya ce sai dai a ɗan karkata. Suka karkata, buhu ɗaya ya zame, Yaya ya kai kafaɗa ya tare shi. A nan ya tsaya, buhun a kafaɗarsa, ya daɗe bai motsa ba. Shi ne ya kama gaban makarar Inna a waccan ranar, sai lokacin na tuna.

Suka sauke. Yaya ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a reshen dalbejiya, ya karɓi guduma a hannun magini, ya fara cire bulon da kansa. Da ya gaji ya ɗago yana haki ya ce, “Injiniya, kawo tef ɗin naki ki tsaya a nan. Inci ɗaya kada ki yafe mini.” Na riƙe masa bakin tef, muka ja layi sabo da toka.

Gida ya tashi yadda aka rubuta. Shagon ya zauna ɗan ƙarami, Yaya yana jera buhuna har rufi, kullum na zo sai ya nuna mini ya ce ga aikin masu ilimi. Zauren kuwa ya zama wurin zaman Baba. A nan yake shan iska da hantsi, a nan yake karɓar baƙi, har tabarma biyu ake shimfiɗawa mutum ya wuce bai taka ba. Da aka kawo kayan ɗakin ƙanwarmu, gado ya shige a ɗaure, ba a kwance shi ba. Wani lokaci in ga Baba yana bin bangon da kallo daga ƙofa zuwa kwana, hankalinsa kwance.

Bara, bayan kaka, Yaya ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Maigatari ana cikin loda mota. Kafin a iso da shi Gumel rai ya yi halinsa. A gida aka yi masa wanka, aka yi masa sutura. Na iso daga Dutse ana shirin fita da shi.

Muna zaune a tsakar gida, mu mata, kusan inda muka zauna ranar Inna. Maza suka ɗauka. Ban iya kallon makarar ba, kwanar nake kallo. Suka isa, suka juya a hankali, kafaɗa ba ta goga bango ba, mayafin da aka rufa masa ko motsi bai yi ba. Aka buɗe ƙyaure biyun, ya fita a miƙe.

Baba ne na ƙarshe a bayansu, yana dogara sanda. A kwanar ya tsaya, ya dafa bangon shagon da tafin hannunsa. Ya waiwayo ya neme ni cikin mata har muka haɗa ido.

“Ya wuce lafiya,” in ji shi. “Ni na yi wa kaina, ashe shi na yi wa.”

Sannan ya bi su. Na zauna da jakata a cinya, tef ɗin yana ciki, na yi kukan wana.