Mun Bi Ɗan Kamasho da Goronsa Har Babura

Mun fita daga Kazaure ana idar da sallar asuba, ni da yayana da jakinmu. Kafin wani ya riga ni faɗa muku, ni na jawo mana tafiyar. Goro na ci. Guda ɗaya tak, fari, girmansa ya kusa kan jariri, ko da yake yayana ya rantse bai fi ƙwan zabo ba.

Ga yadda aka yi. Yayana haƙar rijiya yake yi, ni ke sama ina jan gugan ƙasa. Ba ma ƙarƙashin kowa. Mai son rijiya ya zo a yi jinga, mu shiga aiki, ruwa ya fito, ya sallame mu. To ranar kasuwa na kai diga wurin maƙeri, sai wani mai jar dara, ya ɗora kwat a kan babbar riga, ya yafito ni. Ashe ɗan kamasho ne, irin masu bin kasuwanni suna tara wa Turawa masu haƙar kuza ma'aikata, ana ba su lada a kan kowane mutum. Ya ce ya ji labarin yayana, a Jos irinsa ake nema ido rufe. Ya zaro goro a gaban mutane ya ce, "Ga na yayanka da kai." Na durƙusa da ladabi na ce mun karɓa, mun gode, na ɓare na tauna. Ni duk a zatona kyawun fuskata ya gani.

Da yayana ya ji, sai da ya zauna a ƙasa. Ashe a wurin waɗannan mutane, in ka karɓi goronsu a gaban shaidu ka ba da bakinka ke nan, sai ranar hawa mota. Ke nan yayana zai yi rani sukutum a Jos, watakila har shuka ta wuce shi, ga matarsa da tsohon ciki. In kuma ya ƙi, a ce mai baki biyu ne, kuma ba mai ƙara yin jinga da mai baki biyu. Mai unguwarmu ya ce hanya ɗaya ce: a mayar wa mutumin da goro biyu a maimakon ɗaya, hannu da hannu, a gaban dattijo, kafin motarsa ta tashi. Muka nemi mai jar dara, aka ce ya yi Roni.

Yayana ya sayi goro biyu, ya naɗe a ganyen fita, ya cusa a aljihun da ba na ɓangarena ba.

Hanyar Roni duwatsu ne hagu da dama, wasu a ɗore kan wasu kamar an ajiye su za a dawo. Mun tarar da lebura suna zuba marmara a hanya da kwanduna, wani mai gajeren wando yana tsaye a inuwa yana taya su da baki. Motar gyaɗa ta zo wucewa tana nishi, jakinmu da bai taɓa gudu ba tun da aka haife shi ya ɗebe ni ya shiga gonar wani. Na sauko ta wuyansa ba tare da na yi niyya ba.

Roni kuwa ta cika ta batse, don kaka ta yi kyau. Gero da dawa an tula su kamar ba za a ƙara yunwa a duniya ba. Ƙosan kwabo guda sai da na ci na bar saura, kuma waɗanda suka san ni sun san wannan ba ƙaramin labari ba ne. Amma mutuminmu ya tashi tun jiya. Abin da ya fi ci wa yayana rai, wani mai saro gyaɗa da ya yi mana alkawarin rijiya tun da damina, da ya gan mu sai ya ce, "Af, ashe kuna nan? An ce kun ci goron kuza, har na yi magana da wasu." Labarin ya riga mu zuwa, shi da ba shi da ko jaki.

A bakin kasuwar mun ga wani ɗan kamashon daban. Shi garmaho yake kunnawa, akwatin nan mai waƙa da faifai, samari su taru, sannan ya baje bargo ja da takalmin roba yana cewa na wanda ya shirya ne. Ya dube ni ya yi murmushi, ya kai hannu aljihu. Yayana ya danƙa mini igiyar jaki ya ce, "Riƙe da hannu biyu. Bakinka ma da zai riƙe wani abu da na ba shi."

Daga nan muka nufi Gwiwa. Duwatsu suka ƙare, yashi ya karɓe mu, irin wanda in ka yi taku biyu gaba sai ya mayar maka da ɗaya. Shanun Fulani na kiwo a karan gonaki. Wata Bafillatana ta dama mana fura da nono mai kauri har ludayi na tsayawa a tsakiya shi kaɗai. Da ta ga diga da igiya a kan jaki sai ta kai mu wurin ardonsu. Ardo ya ce shanunsa na shan wuya wajen ruwa, yana son rijiya, a yi jinga yanzu. Na ga idon yayana ya yi haske, sannan ya sunkuyar da kai. "Allah ya ja kwananka," in ji shi, "bakina a ɗaure yake a wani wuri. Sai na kwance shi." Ardo ya ce zai ɗan jira, amma shanu ba su san jira ba.

A Gwiwa muka kwana gidan wani tsoho mai saƙar igiya wanda ya taɓa yin aikin kuza. Bai kushe aikin ba. Ya ce ya ga waɗanda suka dawo da keke da akwatin ƙarfe, ya kuma ga waɗanda suka dawo da tari kawai. Ya ce sanyin can har cikin haƙori yake shiga. Yayana ya tambaye shi abu ɗaya: in mutum yana cikin rami ya ji ƙasa ta fara zubo masa a wuya, zai iya fitowa? Tsohon ya ce sai helma ya ce fito, wato shugaban lebura. Ni na san dalilin da ya sa yayana ya yi tambayar. A rijiyarmu, in ya girgiza igiya sau ɗaya, ko rabin guga ake ja sai in bar gugan in jawo shi, ba wanda zai tambaye shi don me.

Tsohon ne ya ce mana mu daina bin sawun mai jar dara ƙauye-ƙauye, mu tare shi a gaba. A Babura yake tara mutanensa, daga can mota za ta kwashe su.

Wannan ita ce doguwar tafiyar. Muka juya gabas, muka ratsa ta arewa da Kazaure muna hango duwatsunmu, har ina jin ƙamshin miyar gidanmu, amma yayana bai ko waiwaya ba. Duk rijiyar da muka tarar sai ya tsaya ya yayyafa wa ganyen goron nan ruwa kafin mu sha. Ban taɓa ganin goron da ya samu gata irin wannan ba. Ƙafafuna suka kumbura har takalmina ya daina gane su.

Babura wata duniya ce. Raƙuma a durƙushe suna harara, Buzaye sun rufe fuska suna sayar da kanwa da cuku da dabino. Mutanen ƙasar Faransa, wato na tsallaken iyaka, na shigowa da kuɗinsu na sefa, takarda mai faɗi da za a iya yin sallah a kanta, amma in an canza sai a ba ka 'yan kwabbai. Kilishinsu ya fi namu yaji. Na roƙi ɗanɗane wurin mutum uku, na huɗu ya gane ni.

A bayan kasuwar dabbobi muka ga motar, samari sun fara hawa da ƙunshinsu. Mai jar dara na tsaye. Da ya hango yayana ya buɗe hannu ya ce, "Madalla da sarkin haƙa! Har da diga ka zo?"

Yayana ya gaishe shi, ya roƙe shi su je wurin sarkin kasuwa. Dattijo ne, yana zaune a gindin tsamiya a kan buzu. Muka zube muka yi gaisuwa, yayana ya kwance ganye ya ajiye goro biyu a gabansa, ya faɗi abin da ya kawo mu.

Ɗan kamasho ya ce shi bai karɓa ba. "Ranka ya daɗe, a gaban jama'a na ce na yayanka da kai, yaron ya ce mun karɓa. Na riga na aika wa Bature cewa ina tafe da mahaƙi."

Sarkin kasuwa ya tambayi yayana ko shi ya aike ni. Ya ce a'a. Ya tambaya ko an kai masa ɓari ya ci. Ya ce ko ƙamshi bai ji ba. Sai dattijon ya juyo gare ni. "Kai, ɗan nan, duk kai ka cinye?"

"Har ɓawon, Baba."

Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce ƙane ba ya ba da bakin yayansa, don haka babba ba ya ciki. Amma yaron da hannunsa ya karɓa, da bakinsa ya amsa. In mai goro ya ƙi karɓar biyunsa, yana da ikon tafiya da wanda ya tauna.

Ɗan kamasho ya yi murmushi ya ce ya yarda, a ba shi yaron. Ba ni yake kallo ba, yayana yake kallo. Na dubi yayana na ga zai yi magana. Na san abin da zai fito: in yaron zai tafi, tare za mu tafi. Abin da mutumin ke jira ke nan, kuma da ya faɗe shi a gaban dattijo, shi ke nan.

Sai na take masa ƙafa da dukkan ƙarfina, na yi tsalle na ce, "Alhamdu lillahi! Na huta da jan guga!" Na ruga na ɗare bayan mota, na zauna a kan ƙunshin wani, na leƙo ina kira. "Maigida! Yaushe ake cin abinci? Sau nawa a rana? Ni fa ba na ƙoshi da malmala uku. Bargona ja nake so. Yaya, ka gai da mutanen gida, kada ka biyo ni, na gaji da kai!"

Wallahi ina faɗa ina jin hawaye na taruwa, na mai da shi dariya. Yayana ya buɗe baki, ya dubi ƙafarsa, ya dube ni, ya rufe. Allah ya saka masa, ya juya baya ya shiga gyara wa jaki kaya kamar mai shirin tafiya.

Direban motar ya zagayo, ya kama damtsena da yatsa biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Ya ce wa ɗan kamasho, "Wannan sillen karan za ka kai wa Bature? Korar shi zai yi a bakin ƙofa, ka ciyar da shi zuwa, ka ciyar da shi dawowa, ka biya ni sau biyu." Samarin cikin mota suka fashe da dariya. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Mai jar dara ya tsaya yana kallon bayan yayana. Bayan bai juyo ba. Can ya yi tsaki ya ce, "Sauko mini daga mota, ɗan banza mai cikin zani."

Na ce ai ni na riga na zauna. Sai da sarkin kasuwa ya sa shi ya ɗauki goron da hannunsa, ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji cewa ba shi da magana da ni ko yayana, sannan na sauko.

Mutumin ba mugu ba ne can can, sana'arsa yake yi. Kafin mota ta tashi har ya ce wa yayana yana jin masu neman rijiya a yawonsa. Yayana ya ce, "Ka kawo mai rijiyar mu yi jinga baki da baki, la'adarka tana wurinsa. Amma kada ka ƙara aiko mini da saƙo ta cikin wannan." Ya nuna ni.

Wani mai sayar da raƙuma da ya ga abin da aka yi ya ba mu yasar rijiyarsa da ƙara mata zurfi. Muka yi masa, ruwa ya taso, muka ɗoro wa jaki gero da ɗan cuku muka kamo hanyar gida. Ƙafar da na take ta kumbura, yayana ya yi ta ɗingishi har Kazaure, amma duk da haka ya bar ni na hau jaki fiye da rabona.

Abin da na koyo, ɗan kamasho ba abin gudu ba ne, amma ka san wa zai biya shi, ka kuma san wa zai ce maka fito in ƙasa ta fara zubowa. In ba ka ji amsar nan ba, hannunka ya zauna a aljihunka.

Rijiyar ardon Gwiwa mun ji wasu mutanen Daura ne suka samu. Motar Jos ta tafi babu mu. Mun tarar matar yayana ta sauka lafiya, an samu mace, kuma bayan suna za mu fara wata rijiya a nan bayan gari.