Bangon gilashi da azumin surukata

Gidan da na fara mallaka a duniya ciki ɗaya ne da falo, a unguwar 'yan China da ke can gefen Dubai, inda ko mai gyaran waya da rubutunsu yake kafa allo. Gida nake kiransa don bakina ya yi daɗi, amma a Kano ɗakin mai gadin wani ya fi shi sakewa. Abin da ya ja ni shi ne gyaran. Ɗan Chinan da ya sayar mini ya shimfiɗa katako a ƙasa, ya ɓoye fitilu a cikin silin, sannan ya rushe bangon banɗakin da ke kallon falo, ya sa gilashi mai hazo-hazo. Ba ka ganin mutum sosai, amma kana ganin inuwarsa, kana kuma jin komai.

Ranar da muka je dubawa matata ta tsaya a gaban gilashin ta ce, "Wannan fa, in mun yi baƙi?"

Dillalin, wani Balarabe mai zaƙin baki, ya ce haka ake yayi yanzu, habibi. Ni kuwa na ce mata, "Ke dai ƙauyancin nan bai sake ki ba. Khalas, magana ta ƙare, mun saya." Har bidiyo na ɗauka na tura wa 'yan uwa, ina kunna fitilar banɗakin ina kashewa.

Da matata ta haihu, mahaifiyarta ta zo daga Kano don yi mata wankan jego. Dattijuwa ce mai kunya ta gaske. Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa kiran sunana ba, ban kuma taɓa ganin ta kai loma baki ba. Na bar musu ɗaki, na dawo kujerar falo, wadda bayanta ke jingine da gilashin nan. Na ɗauki hutu daga ofishinmu da ke unguwar Deira, na ce ai ni ba irin mazan da ke guduwa su bar mai jego ba ne. Lokacin zafi ne, masallaci da nisa, sai na riƙa salla a falo, ban da magariba da nake fita in dawo bayan isha'i. In buƙata ta kama ni sai in sauka banɗakin masu gadi a ƙasa in hawo da sauri, ina yaba wa kaina da sanin ya kamata.

Surukar tawa ba ta daɗe da zuwa ba ta ce ta ɗauki azumi. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ko da daddare ruwan da take sha bai wuce ta jiƙa maƙogwaro ba, ga ta kullum a kan tukunyar ruwan zafi tana haɗa gumi. Alwala kuwa a wurin wanke-wanke na kicin take yi. Na gani, na ce a raina tsufa ne, ba ta saba da famfon zamani ba. Masu zuwa barka har tinƙaho nake musu: "Surukata waliyiya ce, a wannan zafin take azumin nafila."

Matata takan ce, "Yau ba za ka ɗan leƙa ofis ba?" Sai in ji haushi, in ce korata ake yi daga gidan da na saya da gumina. Sai ta kalli ƙofar ɗaki.

Wata safiya zazzaɓi ya rufe Hajiya surukata, tana riƙe da kwiɓinta, ta kasa miƙewa daga kan darduma. Mai jego ba ta fita, ga jaririya, dole ni na kai ta asibiti. A tasi na zauna gaba, ta zauna baya.

Likitar 'yar Indiya ce. Ta duba ta, ta sa aka yi gwaji, ta ce jikinta ya bushe, ciwon mafitsara ya fara taɓa ƙoda. Hajiya ba ta jin Turanci, sai na zama tafinta. Likita ta ce in tambaye ta sau nawa take fitsari a rana.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kalli takalmina na ce, "Hajiya, wai likita tana tambaya, zagayawa, kamar sau nawa a yini?"

Ta ja mayafi ta juya fuskarta bango. Likita ta maimaita, ta ce maganar ba ta wasa ba ce. Na sake tambaya da murya ƙasa-ƙasa.

"Sai in an tafi masallaci da magariba," in ji ta.

Ban gane nan take ba. Har na buɗe baki zan fassara, sai maganar ta zauna mini. Ashe ba lada take nema da azumin ba. Ruwa take gudu, don kada mijin 'yarta ya ga inuwarta a gilashi. Ashe ofishin da ake ta tura ni, ita ce ta hana 'yarta faɗa mini dalili. Ni kuma ina baje a kujera daga asuba har faɗuwar rana, ina jin kaina miji na gari. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Na gaya wa likita cewa sau ɗaya ne, sai in wani mutum ya fita daga gidan. Ta ajiye biro, ranta a ɓace, ta ce wane mutum ne wannan da zai hana tsohuwa shiga banɗaki?

Hajiya ta ji muryar ta canja. Ba ta juyo ba ta ce, "Ka ce mata ba laifin kowa ba ne. Gida ne mai kyau, Allah ya sanya alheri."

Wannan ban fassara ba. Na ce wa likitar, "Ni ne."