Yaron da bai faɗa hagu ko dama ba

Mas'ud Badaru ɗan Yargalma ne. Da duniya ta bar shi, da yanzu yana koyar da lissafi a wata firamare a Bukkuyum, hankalinsa kwance. Sai ƙurar dutsen zinaren da ake niƙawa cikin gidaje ta fara kashe yara, wata ƙungiyar likitoci ta sauka a Anka tana neman wanda ya iya kwamfuta. A 2012 suka ɗauke shi.

A baki aikin ba wuya. Ana auna gubar dalma a jinin kowane yaro sau biyu, kafin magani da bayan wata uku. Mas'ud ya shigar da suna da lamba, manhajar ƙididdiga ta ɗebe awon farko daga na biyu, ta zana sakamakon yaran duka kamar tudu, ta tsaga shi biyu daga kan sifiri. Hagu, waɗanda gubarsu ta ragu. Dama, waɗanda tasu ta ƙaru, su ake aika mota ta kwaso a sake musu magani. Ya yarda da na'urar nan fiye da idonsa, har abokan aiki na tsokanarsa wai ita zai aura.

Ƙanwarsa Husaina tana aure a Tungar Daji, kuma ɗanta na fari, Zayyad, mai shekara uku, yana cikin yaran. Awon farko kakarsa ce ta kai shi, ta ba da sunan yanka. Na biyu Husaina ce, katin farko kuwa ya ɓace tun damina. Ma'aikaci ya ce, "Mi sunan yaro?" Ta sunkuyar da kai. Wace uwa ce za ta kama sunan ɗan fari a bainar jama'a? Da aka matsa mata, ta faɗi laƙabinsa na gida, Nababa.

Manhaja ina ta san kunya? Yara biyu ta gani, kowanne da awo ɗaya, ta ture su gefe shiru.

Mas'ud ya buga jerin dama, ya bi shi da yatsa sau uku, babu Zayyad. Ya kira ta yana murna: "Husaina, kwantar da hankalinki, yaro shina lahiya." Jerin hagu ko kallo bai yi ba. Wannan wurin, wallahi, har yau yana ba ni haushi.

Bayan sati biyar yaro ya fara jijjiga. Tunda Yaya ya ce jini ya gyaru, kwana uku maganin zazzaɓi ake ɗura masa. A kan babur ya cika, kafin su iso Anka.

Bayan sadakar bakwai Mas'ud ya buɗe waɗanda aka ture gefe. Ga Nababa, Tungar Daji, gubarsa ta ninka. Ashe tun farko da hannunsa ya shigar da sunan, shi da ko ziyara ya je da Nababan yake kiran yaron.

Ya ƙara shekara huɗu a aikin. Ya rame, raha ta ƙare, duk uwar da ta zo sai ya tsare ta da tambayar laƙabi har a ga baƙinsa. Bai taɓa gaya wa kowa ba, yana jin tsoron Husaina ta gane da nata laifin a ciki.

A shekararsa ta ƙarshe ta zo Anka da 'yar da ta haifa bayan Zayyad, an ɗebi jini. Ta miƙa masa kati hannu biyu.

"Yaya, kai na yarda da kai. Ka duba mani ita kamar yadda ka duba wancan."

Ya karɓa, ya ce to.