Eriya a Ƙarƙashin Gawo

Da na gama jami'a, na bi wani injiniya aikin neman ruwa a wani ƙauye kusa da Filinge. Mukan buga guduma a ƙasa, na'ura ta auna lokacin da girgizar ke ɗauka kafin ta dawo. Agogon na'urar daga tauraron ɗan adam yake samun saiti, ta wata eriya da ke kamo saƙonsa daga sama. In ya kauce ko kaɗan, mutane za su haƙa rijiya inda babu ruwa.

Kwana uku agogon yana tsalle. Injiniyan ya zagi zafi, ya zagi maƙeran na'urar, har ya ce iskokin wannan ƙasa ta Kurfai ne. Ba ni da tabbas, amma na lura ya ajiye eriyar ƙarƙashin gawo, kusa da tabarmarsa, don kada ya taka rana.

Na ce, "Maigida, ko a gwada fitar da ita fili?"

Ya ce, "Kai da karatun jiya!"

Da ya yi barcin azahar na matsar da eriyar fili, agogon ya daidaita. Ya farka ya duba, ya ce dama ya san iskokin za su gaji. Awon kwana ukun nan, ni kaɗai na sake shi, yana kwance.