Ni Na Sa Ƙanena Cikin Gayya

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa a gidanmu ya san haka. Inna takan ce tun ina goye, in aka hana ni abu sai na shiɗe. Wannan halin ne ya sa na yi wa ƙanena wani abu da har yau ban san ko alheri ba ne.

Ƙanena zabiya ne. Shekara huɗu na ba shi. A ƙauyenmu, can bayan Kebbe, shi kaɗai ne mai irin fatarsa: fari sol, gashi kamar gemun masara, idanu kullum suna rawa, in rana ta take sai ya kanne su. Bai daɗe a makaranta ba, don ba ya ganin allo ko an zaunar da shi a gaba, malamin kuma ya ɗauka taurin kai ne. Ni na ci gaba har na zama malamin makaranta a Tambuwal. Shi ya zauna gida da Inna, yana noma 'yar gonar bayan gida da sassafe, kafin rana ta yi zafi ya dawo.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne gayya. A wajenmu in damina ta kankama, mai gona yakan kira samarin gari su taru da galma su yi masa huɗa a yini ɗaya. Mata su kawo fura da tuwo, makaɗi ya bi bayan samari da ganga yana wasa duk wanda ya riga kai ƙarshen kuyya, wato kunyar da yake huɗawa. A nan ake sanin saurayi, a nan 'yan mata ke yin zaɓe da ido. Ƙanena kuwa ba a taɓa kiransa ba. Wasu sun ce in zabiya ya taka gonar wani, gero zai ƙone. Wasu kuma ba sa son haɗa ludayi da shi a ƙwaryar fura. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabanmu. In ganga ta tashi dai, sai ya zauna a zaure yana ta gyaran ƙotar galmar da ba abin da ya same ta.

Wani hutu na zo gida na tarar da shi haka. Ban ko ajiye jaka ba na nufi gidan sarkin noma, dattijon da ke shirya gayya a garin.

"Baba, mi ƙanena yay yi maku?" na ce masa. "Ba ɗan garin ga na ba? Ba sahu ɗaya kuka yin salla da shi ba?"

"Malam, yi haƙuri," in ji shi. "Ni ban da ta cewa. Mutane na ba su so."

"Waɗanne mutane? A kira su, su faɗi gabana."

Na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Daga nan na wuce wajen liman, shi ma na zazzage masa. Allah ya saka masa, bayan la'asar ya tsai da jama'a ya ce wanda ya halicci baƙar fata shi ya halicci fara, kuma gero ba ya ƙonewa don ƙafar bawan Allah. Gayyar da ta biyo baya, aka aiko a kira ƙanena.

Yanzu ga inda na yi kuskuren. A gayya samari tuɓe riga suke yi, daga su sai wando. Malfa kuwa ta tsofaffi ce, saurayin da ya sa ta makaɗi zai yi ta tsokanarsa har a tashi. Da safen nan Inna ta ɗauko tsohuwar malfar mahaifinmu ta ɗora wa ƙanena. Ni da hannuna na cire ta.

"Aje abin ga," na ce masa. "So kaka yi su ce rago na? Ka shiga awa kowa."

Ya shiga kamar kowa. Galma ba ta bukatar hangen nesa, ƙafa da hannu ke bin kuyya, kuma ya daɗe yana jiran ranar. Shi ya zo na biyu. Makaɗi ya bi shi da kirari, matan da suka kawo fura suka yi guɗa, ni kuma ina gefe ƙirjina kamar zai fashe don daɗi. Da yamma bayansa ya yi jajur, kafaɗu duk bororo. Inna ta shafa masa man kaɗe tana ta salati. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, zai saba. Mu abin da muka sani ke nan: hannun manomi yakan yi bororo, ya fashe, ya yi kanta, shi ke nan. Na ɗauka fatarsa ma haka za ta yi.

Damina wajen goma yana zuwa gayya. Ya zama wanda makaɗi ke fara kira. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu, duka baƙaƙe. In na zo gida nakan ga baƙaƙen ɗige-ɗige sun ƙaru a wuyansa da hannuwansa, leɓɓansa a tsattsage, ban taɓa kawo komai a raina ba. Har alfahari nake, ina ba abokan aikina labarin yadda na ƙwato wa ƙanena haƙƙinsa. Da ya gaya mini a waya cewa wani ɗan ƙurji ya fito masa a saman kunnen hagu ya ƙi warkewa, wanzami ya yi masa sakiya har sau biyu da ƙarfe mai zafi, cewa na yi Allah ya sauwaƙe, muka ci gaba da hirar taki.

Sai wata rana wata mata ta zo makarantarmu daga wata ƙungiyar zabiya, ta ce tana son magana da malamai. Ita ma zabiya ce, ta rufe jikinta har yatsu, ga laima a hannu. Ta yi maganar zaunar da irin waɗannan yara kusa da allo, ina ta gyaɗa kai irin na wanda ya riga kowa sani. Sai ta ce fatar zabiya ba ta sabawa da rana har abada, duk ƙunar da ta yi tana taruwa ne. Ta ce gyambon da ya ƙi warkewa a kunne ko leɓe ko wuya, a ruga asibiti da shi, don sau da yawa ciwon daji ne, kuma shi ke kashe 'yan'uwanta da ƙuruciyarsu. Ta ciro waya ta nuna mana hoton wani kunne.

Ban ji sauran bayaninta ba. Ban jira an tashi ba na hau babur na kama hanyar Kebbe. Duk ramin da na faɗa a hanyar nan, malfar mahaifinmu nake gani a hannuna.

Na same shi a gona da tsakar rana, ya ɗaure kunnen da tsumma, ƙudaje na bin sa. Na sa ya kwance tsumman. Abin ya ci rabin saman kunnen, bakinsa ya yi tauri ya naɗe, tsakiya na tsattsafar da ruwa. Irin na hoton ne sak.

"Yaya, lafiya kaka kallona haka?" ya ce yana dariya. "Ɗan gyambo na. Wanzami ya ce maiƙo na."

Washegari muka shiga motar Sakkwato. Tun daga Tambuwal har muka wuce Dogon Daji yana ba ni labarin wata karsana da yake son saye, ni kuwa sai "uhm" nake cewa. A asibiti suka yanki ɗan nama suka ce mu dawo bayan mako biyu. A makonnin nan biyu na rame. In na tsaya a gaban allo sai in manta abin da nake koyarwa. Ban gaya wa Inna komai ba, don na san abin da idanunta za su tuna mini.

Ciwon daji ne. Suka cire kunnen gaba ɗaya, da ɗan naman da ke ƙasansa. Likitan, wani mai sanyin magana, ya ce an yi sa'a da alama bai shiga ciki ba, amma yana iya fitowa a wani wurin. Ya ce daga hantsi zuwa la'asar kada rana ta sake ganin fatarsa: riga mai dogon hannu, malfa mai faɗi, da wani mai da ake shafawa. Ya ce duk sabon tabon da muka gani, mu dawo a ranar. Sai ya tambaya, ba da wata manufa ba, ya aka yi zabiya ya yi shekaru yana noma ba riga a rana.

Daminar da ta wuce na je gida ran wata Asabar. Ina sauka daga babur na ji gangar gayya daga gabas da gari. Na shiga zaure na tarar da shi tsaye, ya sa doguwar rigar, malfa na rataye a ƙusa, galma jingine da bango. Na tsaya a bakin ƙofa na tare hanya.

"Ba ka zuwa," na ce.

"Sarkin noma ya aiko, Yaya. Sun ce ba a farawa sai na zo."

"Ko Sarkin Musulmi ya aiko, ba ka zuwa. Ka ji abin da likita yac ce."

Ya dube ni da idanun nan nasa masu rawa, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Shekara nawa ina zaune zauren ga ina jin gangar ga?" ya ce. "Kai kaf fisshe ni. Yanzu kai za ka maishe ni?"

Ni da na tayar da unguwa a ƙofar sarkin noma, sai ga ni na kauce daga bakin ƙofa. Na miƙa hannu na sauko da malfar, na ce to aƙalla ya sa wannan, kuma da rana ta ɗaga ya dawo. Ya yi murmushi ya karɓa.

Ya sunkuya zai ɗauki galma, wuyan rigar ya zame. A ƙeyarsa, daidai inda gashi ya ƙare, na ga wani ɗan tabo ja mai ɓawo, bai fi ƙwayar dawa ba. Wancan zuwan da na yi babu shi.