Haukan da Na Ƙaga wa Kakanmu

Ni mutumin Soron Ɗinki ne, ina sayar da yadi a Ƙofar Wambai. A da, idan na buɗe baki a majalisa sai mai shayi ya sauke buta, kada dariya ta sa ya ƙona jama'a. Da mahaifiyata ta rasu sai bakin ya mutu. Wata huɗu ba barci, ba cin abinci, ni da nake tashi da malmala uku ina leƙen tukunya. Matata ta ja ni asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne. Ya yi mini bayanin wani sinadari a ƙwaƙwalwa wai shi serotonin, da wani abu kamar ɗan dako mai kwashe shi tsakanin jijiyoyi. Ya ce aikin ɗan dakon gadonsa ake yi, wasu masana na ganin wani nau'insa kan sa baƙin ciki ya fi saurin kayar da mutum, wasu kuma ba su yarda ba. Ni ko gwaji bai yi mini ba, ya ce in sha magani kawai.

Na sha, na warware. Wautata ita ce kwashe bayanin nan kaf da na yi na gaya wa ɗan baffana, wanda muka tashi ɗaki ɗaya. Da aka zo binciken auren 'yata ta fari, shi aka tara. Ya ce musu yana tsoron Allah ba zai ɓoye ba, likita da bakinsa ya ce abin a jininmu yake. Mutanen suka janye ko sallama babu. Yarinyar ta yi kukan da har yau nake jin sa a kunnena.

Shekara biyu ina gaishe da ɗan baffan nawa, ina tsokanarsa, ina jira. Sai ɗansa ya nemi aure a Madabo, dattawa biyu suka zo shagona bincike. Na shimfiɗa musu darduma, na sayo lemo mai sanyi. Na ce nawa ciwon ai ɗan taɓawa ne, ɓangaren ɗan baffana ne suka kwaso na kakanmu gaba ɗaya. Kakanmu, bawan Allah da ya cika da carbi a hannu, na ce kan soro yake hawa ya yi wa tantabaru huɗuba, sai ƙarti shida sun taru ake sauko da shi. Dattawan ko lemon ba su shanye ba. Aure ya watse. Da na haɗu da ɗan baffan nawa a ƙofar masallaci na yi masa jaje, na ce tsoron Allah ne ya hana ni ɓoyewa. Yadda fuskarsa ta koma, wallahi har gobe in na tuna sai na ji sanyi a raina.

Bara wani yaron kirki ya fito neman 'yar tawa. Kawunsa ya same ni cikin ladabi, ya ce Alhaji a yi haƙuri, sun ji labarin kakanmu. Ƙartin sun zama goma sha biyu, har an ƙara da cewa ya ciji mai unguwa. Na rantse masa ni na ƙaga labarin daga farko har ƙarshe. Ya dube ni cike da tausayi, ya tambaye ni ko ina dai shan maganina a kan lokaci.

'Yata tana ɗaki har yanzu, ƙannenta biyu sun taso. Ɗan baffana ban yafe masa ba, kuma ba na jin zan yafe. Amma shi ya kore mata miji ɗaya, ni na rufe mata ƙofa. Wanda duk aka tara da bincike ya faɗi iya abin da ya sani, kada ya mayar da wataƙila ta likita ta zama hukunci. In kuma ramuwa za ka yi, ka fara duba ko kakanku ɗaya.