Koren Ruwa a Kwatarniyar Kyalla

Ranar wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da ciwon bushiya ya share shanu. Jikokina masu boko sun ce 1983 ke nan, ni dai da gawar shanu nake tuna ta. Ina bakin garkenmu a gabas da Gwandu ina kankare ƙwaryar tatsa, sai ga wani mutum yana turo babur mai dogayen ƙafafu, tururi na tashi daga cikinsa. Malamin dabbobi ne daga Kalgo, da kular ƙanƙara ɗaure a baya, allurar rigakafi a ciki.

Garken da a da sai ka hau tudu kafin ka ga ƙarshensa ya koma 'yan tsirari. Ungulu sun ƙoshi har ba sa tashi in ka kore su. Mun daina wasan gaɗa da yamma, don wari ya hana zaman dandali. A cikin waɗanda suka rage akwai Kyalla, 'yar maraƙa mai farin goshi, jikar saniyar da Baffa, mahaifina, ya ba ni ranar sunana. Uwarta ta mutu, ni na raine ta da kunun dusa, tana tsotsar yatsuna. Duk abin da na mallaka a duniya ke nan.

Malamin ya fara yi wa shanunmu allura, har da Kyalla, sannan ya koma kan babur. Ashe wannan irin babur ruwa yake sha kamar ɗan Adam. Ƙaya ce ta huda robar da ke kai ruwa lagireto. Baffa ya jawo kwatarniyar da Kyalla ke sha a ciki, aka tare abin da ke zuba, wani ruwa kore shar, ban taɓa ganin irinsa ba. Malam ya yanke wurin hujin, ya mayar da robar ya ɗaure. Koren ya sha yashi, ba ya komawa ciki.

Nan gardama ta tashi. Baffa ya kawo ruwan rijiyarmu, malam ya ɗanɗana ya tofar. Ya ce ruwan zartsi ne, farin dutsen da yake bari a gindin buta shi zai bari a cikin inji. Koren nan na birni ya fi kowane, ba ya tsatsa, ba ya saurin tafasa, in babu shi sai ruwan sama. Inna ta fito da tulun ruwan saman da ta tara na wankin kai. Aka zuba, amma ya ce da saura, iska ta maƙale a ciki, in ba a fitar da ita ba injin zai ƙone kafin ya kai ƙauyen Maruda, ga ƙanƙara na narkewa. Ya karkata babur, ya dube ni.

“Ɗiyata, kin iya tatsa?”

Ni da nake tatsa tun ban kai cinyar saniya ba! Na kama robar nan kamar hantsa, ina matsawa ina saki, kumfa na ɓulɓulowa ta bakin lagireto, yana ƙara ruwa, har ta ɗauke. Ya ce hannuna ya fi na makanikin Kalgo, kuma bai yi ƙarya ba. Yana hawa ya nuna kwatarniya ya ce a zubar.

Baffa bai zubar ba. “Kayan baƙo amana na,” in ji shi, “a tace mashi, wata rana shi dawo.” Ya rufe da faifai, ya ajiye a inuwar rumbu. Ba wanda ya gaya mana koren nan guba ne mai zaƙi, kuma Kyalla ta san kwatarniyarta.

Da la'asar na tarar da faifai a ƙasa, bakin Kyalla kore. Ta fara tangaɗi, yara na dariya. Washegari ba mai dariya. Fitsari ya ɗauke mata, tana nishi, kanta a cinyata. Inna ta ɗura mata tsamiya, ta ɗura nono, ba abin da ya tsaya. Tana tsotsar yatsana ta cika.

Malamin ya dawo bayan an yi noman farko. Aka shimfiɗa masa tabarma, ni na dama masa fura. Ya tambayi maraƙar mai tatsar babur. Baffa ya dubi ƙasa ya ce, “Allurarka ta yi aiki, malam, bushiya ba ta taɓa ta ba.” Mutumin ya tafi yana murna. Baffa bai ƙara ta da maganar ba har ya bar duniya.

Yau jikana Sanusi makaniki ne a Kalgo. Ruwan nan har ja da shuɗi ake sayarwa, samari na musu a kan wanda ya fi. Ni ba ruwana da launi. In ya tsiyaye tsoho, ina tsaye da sandata sai ya haƙa rami ya binne. Yana cewa, “Kaka, ai ba ko akuya a gidan nan.” Gaskiyarsa. Inda garkenmu yake ma gidaje ne yanzu. Amma har gobe, in na ga koren nan, yatsana nake ji ana tsotsa.